Buhunan da Adda Dudu Ta Ce a Mayar

Ga wata nan gare ku, 'yan nan, amma ba tatsuniya ba ce. A tsakar gidan nan ta faru, nan Yelwa ta Garwa, daidai inda kuke shimfiɗa tabarma kuna latsa waya. Ni ban shiga lekol ba, wato makarantar boko. Jikata Nafisatu ce ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta da ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Ita ce ma ta tono maganar. Ta dawo hutu daga universite da tarin takardu, wai bincike take yi a kan abin da ke sa ma'aikaci ya manne wa aikinsa, ya ƙi tafiya ko da wani wuri na kiransa. Ta zaga ofisoshi da kantuna da farmasi tana tambayar mutane. Ta ce mini a da masana sun ɗauka saler, wato albashi, kaɗai ke riƙe mutum; daga baya suka ce a'a, halin patron ne, wato mai gidan aiki; yanzu kuma hankalinsu ya koma kan ko ana jin maganar mutum a wurin aikinsa, ko kuwa hannunsa kawai ake so. Da ta tuna ni ma na riƙe mata 'yan aiki shekara talatin da ɗoriya ina matsar man gyaɗa, sai ta zo da takardarta tana dariya, ta ce in zaɓi ɗaya cikin amsoshi biyar. Ƙawarta da suka zo tare ta ce ai sana'ar ba ta da wata wahala: a zuba gyaɗa a inji, mai ya fito ta can, a ɗura a bido, wato jarka. Na ce su ajiye takardar su zauna.

Aikin farko da aka ba ni a gidan Goggo Lami, ƙanwar mahaifina, wadda ta koya mini sana'ar, tsintar gyaɗa ne. A zube ta a tabarma, ki fid da tsakuwa, ki fid da wadda ƙwaro ya huda, ki fid da wadda ta motse. Damina guda da rani guda ban taɓa kasko ba. Daga nan aka sa ni ɗebo yashi a bakin kogin Binuwai, in wanke in shanya, don da shi ake suya. Gyaɗa ba ta son zafi ya same ta gaba ɗaya. Yashi ne ke ɗauka ya raba mata daidai. Ana juyawa da mara, wato ɓarin ƙwarya da hannu ya goge har ya yi sheƙi, kuma hannu ba ya tsayawa ko ƙuda ya sauka miki a ido. In ta fito da saura, mai ba zai sauko ba. In ta wuce, mai ya yi ja, ya yi ƙauri. Tsakanin saura da wucewa kuwa bai fi tsawon alwala ba.

Bayan suya sai murza, sai bakace da faifai, jan bawo ya tashi ya cika miki gashin ido. Sai niƙa. A zamanin Goggo daka ne, daga baya inji ya zo ya ɗauke mana wannan kaɗai. Niƙaƙƙiyar gyaɗa a zuba ta a turmi, mata biyu su kama muciya, ta uku tana ɗiga ruwan zafi da ludayi, kaɗan, kaɗan. A tuƙa, a tuƙa, a tuƙa, har ta haɗe ta yi nauyi, kafaɗa kamar ta ɓalle. Sai ki ga ta fara gumi. Sai mai ya kwanto a gefe, a kwashe. Abin da ya rage shi ne tunkuza. Ita ake mulmulawa a soya ta zama ƙuli-ƙuli, wanda Fulanin nan ke ce wa abakuru; ita kuma mahauta ke saye su dama da kayan yaji su tsoma naman kilishi.

Amma kafin duk wannan akwai abu ɗaya, shi ne kuma kan maganar. Duk buhun da ya shigo gida, ba a zazzage shi sai mai kasko ta zo. Ta cusa hannu har gwiwa, ta ɗebo daga can ƙasa, ta zaɓi ƙwaya uku, ta tauna ɗanya. Kowa ya zuba mata ido. Sannan ta ce a ɗora, ko ta ce a mayar. In ta ce a mayar, magana ta ƙare. Uwar gida ce da kuɗinta, amma ba ta da ta cewa. Goggo Lami mace ce mai faɗa, har maza na kauce mata a hanya, duk da haka na ga ta haɗiye magana a gaban mai kaskonta ba sau ɗaya ba. Da na tambaye ta dalili, ta ce wadda ta je kasuwa ta sayo ta riga ta so abin, ba za ta ji aibinsa ba, don haka dole wata ta tauna.

Mai kaskona Adda Dudu ce, Bafulatana daga Bibemi. Ta girme ni da 'yan shekaru, shi ya sa nake ce mata Adda. Ita kuma Hajja take ce mini tun ban je Makka ba, wai don kunya ta sa in tafi. Ta zo Garwa bayan mijinta ya rasu, Hausarta ba ta cika cokali ba. Wata rana ina suya da kaina, ta tsaya a bakin ƙofa tana neman aiki, ta shaƙi iska, ta ce da Fillanci wutar ta fi yawa ta gefen hagu. Na leƙa ƙarƙashin kasko, haka ne. Na miƙa mata mara. Daga ranar ta riƙe kaskona shekara ashirin da biyu.

Buhu biyar na ƙanin mijina ta taɓa korawa. Daga gonarsa ya kawo, bayan Pitowa, ya sauke da kansa yana ta murna. Ta tauna, ta ce a mayar, an tuge ta ba ta nuna ba. Na mayar. Shekara guda mutumin nan bai gaishe ni ba, ranar Sallah ma matarsa ya aiko. Adda Dudu kuwa da marece ta zauna ta matsa mini ƙafa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Mata sun zo sun tafi a gidan nan. Wata aure ya ɗauke ta, wata an yi wa mijinta canjin wurin aiki, wata ta ji inda ake biya fiye da ni. Ita ba ta motsa ba. Wata 'yar kasuwa da ta sayo injin matsa mai ta aiko mata sau biyu, za ta ninka mata abin da nake ba ta, ta kuma ba ta ɗaki. Mairamu, ɗaya daga cikin masu tuƙa mini muciya, ita ta ba ni labari. Ta ce tambaya ɗaya Adda ta yi wa 'yar aiken: wa ke tauna buhu a can? Aka ce ba mai taunawa, ɗan matar ne ke sayowa mota guda, abin da ya zo shi ake soyawa. Sai ta ce to su nemi mai juya mara, akwai su da yawa a gari. Na ji labarin nan da kunnena, amma ban fahimce shi ba. Na ɗauka don kirkina take zaune: kwano ɗaya muke ci, zanen Sallah ba ya wuce ta, da 'yarta ta haihu ni na sayi ragon suna. Har alfahari nake yi a gidan biki, ina cewa ni na iya riƙe mutane.

Babban mai sayen tunkuzata Alhaji Tanko ne, mahauci, kakanninsa daga Kano suka zo. Kilishinsa a kwali ake aika shi Yawunde da Duwala. Rabin abin da turmina ya fitar nasa ne. In ya shigo, kafin ya gaishe ni sai ya tsokane ta, ya ce Bafulatana me ta sani ban da nono da man shanu. Ita kuma ta ce da ba don harshenta ba, da abin da yake sayarwa da sunan kilishi sai dai a ɗinka takalmi da shi. A mahauta yakan ce in Dudu ta tauna, shi ba ya ɗanɗanawa. Duk Juma'a sai ya aiko mata da hanta a naɗe a takarda. Matar da ba ta da gida a Garwa, ba ta da miji, ba ta da ɗa namiji, amma in aka ambaci sunanta a cikin mahauta sai a gyaɗa kai.

Sai mummunar shekara ta zo, ta kuma zo da abu biyu. Masu zuwa daga Mora da Kolofata suna ɗaukar bido-bido na mai duk sati biyu suka daina zuwa; hanya ta zama abin tsoro saboda hare-hare, wasu ma sun bar gidajensu. Sannan ruwa ya ƙi ɗaukewa lokacin kaka. Gyaɗa an tuge ta, tana kwance a gona, ruwa na dukanta. Mai kyau ta yi wuya, ta yi tsada. Ga Alhaji ya ce in tanadar masa tunkuza mai yawa, mutanen kudu sun matsa masa kafin Sallah. A kasuwar Pitowa na sami buhu takwas da araha a hannun wani baƙauye. Ta sama busasshiya, jawur, gwanin sha'awa. Na sa aka ɗora a mota.

Adda Dudu ta cusa hannu a na farko, ta tauna, ta tofar. Ban taɓa ganin ta tofar ba sai ranar. Ta bi sauran bakwai ɗaya bayan ɗaya.

"A mayar, Hajja. Ruwa ya kwana a cikinta."

Na ce wa zan mayar wa, mutumin ko sunan ƙauyensu ban sani ba. Ta ce to a zubar, ko akuya kada in ba. Na sa aka ja buhunan zuwa ɗakin ajiya, na rufe ƙofa.

Kwana biyu tsakani aka aiko cewa yayanta ya rasu a Bibemi. Ta tafi, za ta yi sati. Ranar da ta tafi na buɗe ɗakin ajiya. Na ce wa kaina rana za ta gyara ta. Na shanya kwana biyu, na tsince, na haɗa da mai kyau, kashi biyu na mai kyau, kashi ɗaya na jiƙaƙƙiyar. Mairamu ta dube ni ta ce, Hajja, ai Adda ta ce a mayar. Na ce Adda tana nan ne? Na kuma tambaye ta gidan na wane ne. Ta juya ta kama muciya. Da kaina na yi suyar, na bar ta ta ɗan ƙara yin ja don warin ya ɓuya. Mai ya fito garau. Tunkuza na taɓa da kan harshe, ban ji komai ba. To amma ɗacin jiƙaƙƙiyar gyaɗa ba a kan harshe yake zama ba, a maƙogwaro yake tasowa bayan an haɗiye, in kuma ya sha rana da wuta a jikin nama sai ya ƙaru. Na san haka. Goggo ta koya mini tun ina tsinta.

Alhaji Tanko da kansa ya zo, bai aiko ba. Da hantsi ne, Adda Dudu ta dawo ke nan da kwana biyu, tana zaune a tabarma, mata biyar na aikin sun kewaye ta, maƙwabta na shigowa yi mata gaisuwa. Ya yi sallama, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya kwance wata takarda. Ya ce naman bijimi biyu ne, kwalaye sun dawo masa daga Yawunde. Bai ɗaga murya ba. Ya yagi kilishi ya ba ni, ya yaga ya ba ta. Ta tauna, ta haɗiye. Ta dubi ƙofar ɗakin ajiya, sannan ta dube ni.

"Adda Dudu," in ji shi, "ke kika tauna gyaɗar nan?"

Kafin ta buɗe baki na riga ta.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Girma ya kama Adda, harshen ba kamar da ba ne. Ga kuma rashin da aka yi mata."

Mata biyar suna wurin, kuma biyar ɗin sun tuƙa turmin nan da hannunsu. Ba wadda ta ɗaga kai. Adda Dudu ta ja mayafi ta gyara a kanta.

"Hajja ta faɗa," in ji ta.

Alhaji ya ce Allah ya kyauta, tsufa ba laifin kowa ba ne, daga yau shi zai riƙa ɗanɗana tunkuza kafin a ɗauka. Na ba shi mai na rage masa asara. Ya ci gaba da saye a wurina. Hantar Juma'a ta daina zuwa, tsokana ma ta daina. In ya shigo sai ya gaishe ta a hankali kamar mara lafiya. Kafin sati ya zagayo, duk mahauta an ji cewa harshen Dudu ya mutu.

Ba ta tafi ba. Wannan nake so Nafisatu ta rubuta da kyau, don na lura a takardarta duk wanda aka tarar a bakin aiki ana ɗaukarsa yana nan. Shekara guda da watanni Adda ta ƙara a gidan nan. Tana zuwa a kan lokaci, tana wanke yashi, suyarta ba saura ba wucewa. Amma in buhu ya shigo, sai ta tsaya ta harɗe hannu. In na ce Adda tauna mana, ta ce yadda kika gani, Hajja. In na matsa, ta ce haƙori ke damunta. Na ƙara mata kuɗi ba ta roƙa ba, ta ce useko, wato ta gode. Na sayo mata atamfa mai tsada, ban taɓa ganinta a jikinta ba. Na ce ta riƙa hutawa ranar Alhamis, ta ce to, ranar Alhamis kuma sai ga ta. Duk abin da ake ba mutum na ba ta, ban da kalma ɗaya. Duk ranar da Alhaji zai zo nakan ce yau zan faɗa masa gaskiya. In ya shigo sai in tuna rabin turmina nasa ne, in dubi bakunan da ke ci daga turmin, in ce bari sai ya ƙara hucewa.

Mairamu ce ta fara tafiya, wurin mai injin nan, ko sallama sai a bakin wata na ji. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Sababbin da na ɗauka ba su cika kaka biyu ba. Ban zage su ba, ban hana su haƙƙinsu ba, amma labari yana shiga unguwa kafin mutum ya shiga. Ni na zama mai saye, ni na zama mai taunawa, harshena kuwa kullum bayan abin da na sayo yake bi. Man gidan nan bai lalace a rana ɗaya ba. A hankali ya zama kamar na kowa.

Ranar da Adda za ta tafi ta gama suya tukuna, ta kwashe yashi, ta wanke mara ta kife a kan kasko. Ta ce 'yarta na bukatarta a Bibemi, jikoki sun yi yawa. Na ce yaushe za ta dawo. Ta ce sai yadda Allah ya yi. Na raka ta bakin titi, na tsayar mata da mai moto, wato ɗan acaɓa, na biya.

Shekara shida ban je Bibemi ba, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba. Ina aika saƙo, tana aiko da godiya. Sai Alhaji Tanko ya kwanta ciwo, na je gaishe shi sau biyu, ɗakin cike da mutane, na yi masa sannu na fito. Ya rasu. Washegarin sadakar bakwai na cika bido da mai, na sayi goro da sukari, na shiga mota.

Na same ta a gindin dalbejiya a gidan 'yarta, faifai a cinya, tana ɓarar gyaɗa. Ta rame, ido ya yi fari-fari, amma ta gane muryata tun daga ƙofa. Muka gaisa doguwar gaisuwa irin tasu, gida lafiya, jikoki lafiya, gajiya lafiya. Aka kawo ruwa na sha. Sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ban rage komai ba: ni na buɗe ɗakin ajiya, ni na haɗa, ni na soya, ni kuma na ɗora mata a gaban mutane tana cikin zaman makoki. Ta ce ta sani tun da kilishin ya wuce maƙogwaronta. Ta ce ta yafe tun kafin ta bar Garwa, don ba ta so ta shiga kabari da kayan wani a kanta.

Na ce to ta dawo. Ba suya ba, ba yashi ba, ta zauna a inuwa kawai, in buhu ya shigo ta tauna ta ce a ɗora ko a mayar. Ta ɓare gyaɗa kamar goma, tana jefa ƙwaya a faifai, ɓawo a ƙasa.

"Kin gaya wa Alhaji?"

"Alhaji ya rasu, Adda. Jiya aka yi bakwai."

Ta ajiye faifan. Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a mai tsawo, na ce amin, 'yarta daga bakin murhu ta ce amin. Ta shafa. Ta ce mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙinta ba, ga shi ya tafi yana jin tausayinta. Ta ɗauki faifan ta mayar cinya.

"Ashe shi ya sa kika samu hanya, Hajja."

Ta kira 'yarta ta ce a zubo mini abinci. Ta ce in ci in tashi, motar Garwa ba ta jiran la'asar.

Na ci, na tashi, na shiga mota. Nan maganar ta tsaya. Ba ni da wani ƙarshen da zan ba ku.